Otal Ɗin Ivoire da Teburin Garba: Tarihin Ci da Sha a Birnin Abijan

Lokacin da Turawan Faransa suka mayar da Abijan babban birnin Kwaddibuwa a shekarar 1934, sun keɓe wa kansu unguwar Plateau, suka bar wa baƙar fata Adjamé daga arewa da Treichville daga kudu, a ƙetaren tafkin Ébrié. Wannan rabo na wurin zama shi ne ya raba wurin cin abinci, kuma samun 'yancin kai a 1960 bai share shi ba.

Shugaba Félix Houphouët-Boigny ya ga otal ɗin Ducor a Monrobiya ta ƙasar Laberiya, wanda wani attajiri ɗan Isra'ila mai suna Moshe Mayer ya gina, sai ya nemi a yi masa wanda ya fi shi. A 1963 aka buɗe Hôtel Ivoire a unguwar Cocody, a bakin tafki, aka ƙara masa doguwar hasumiya a 1969. Kamfanin InterContinental ne ya riƙe gudanarwarsa shekaru da dama. Akwai gidan caca da sinima da zauren taro, har da filin zamiya a kan ƙanƙara, a garin da gumi ba ya bushewa a jikin mutum. A can ƙololuwar hasumiyar kuwa akwai ɗakin cin abinci mai suna Le Toit d'Abidjan, wato rufin Abijan. Girkin na Faransa ne, ana kawo shi kashi-kashi, da cokula da wuƙaƙe jere bisa farin ƙyalle, ga kuma giyar inabi da shamfen da aka yo odarsu daga Turai. Ministoci da jakadu da dillalan koko su ne ma'abota wurin. A ganina, birnin da baƙo ke hangowa ta taga, da fitilunsa da gadojinsa, shi ne abin da shugaban ya fi so a ɗanɗana, domin otal ɗin shaida ce da gwamnati ta kafa cewa kuɗin koko da kofi sun yi aiki.

Daga wannan taga ana hango Treichville, inda 'yan ci-rani daga Nijar da Mali da Burkina Faso suka yi sansani bayan buɗe mashigin Vridi a 1950 da bunƙasar tashar jiragen ruwa. Rayuwarsu ce Jean Rouch ya ɗauka a fim ɗinsa Moi, un noir na 1958, inda Oumarou Ganda, ɗan Nijar, ya fito a matsayin lebura mai neman aikin yini. Irin waɗannan mutane da shayi da burodi suke karyawa a bakin titi. Ga abin lura ga ɗalibin Hausa: a Faransancin Abijan, mai teburin kofi da shayi na bakin hanya "aboki" ake kiransa, kalmar da aka ɗauko daga bakin masu sana'ar.

Da farashin koko ya faɗi a shekarun 1980, har ƙasar ta dakatar da biyan bashin waje a 1987, sannan aka karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994, sai aljihun ma'aikaci da ɗalibi ya ƙone. A wannan zamani ne garba ya mamaye gari. Tushensa aceke ne, wato garin rogo da ake tsimawa a turara har ya yi washar-washar kamar dambu, abincin ƙabilun bakin tafki irin su Ébrié da Adjoukrou. Sai a ɗora masa soyayyen kifin tuna, a yanka attaruhu da albasa da tumatir, a marmasa dunƙulen magi, a zuba man da aka soya kifin. Tuna ya yi araha ne domin Abijan na cikin manyan tashoshin sauke shi a Afirka, kuma wanda masana'antun gwangwani suka ƙi karɓa, kasuwar gari yake komawa. 'Yan Nijar ne suka shahara da sayar da shi, shi ya sa aka laƙaba masa sunan Garba, laƙabin da Hausawa ke yi wa mai suna Abubakar. Rumfar kuwa aka kira ta garbadrome.

A Adjamé, kusa da babbar tashar mota, akwai kasuwar da ake kira Black Market, matattarar wayoyin salula da kayan lantarki, sababbi da na hannu. Masu gyaran waya da 'yan kamasho na wurin garba suke ci da rana, da hannu, a kan benci ko a tsaye, ba a tambayar kowa ƙabilarsa.

Shi kuwa otal ɗin Ivoire ya sha wuya tare da ƙasar. Filin ƙanƙarar ya daina aiki, baƙi suka ja baya bayan juyin mulkin 1999 da tawayen 2002. Ranar 9 ga Nuwamba, 2004, sojojin Faransa suka buɗe wuta a kan masu zanga-zanga a ƙofarsa, aka rasa rayuka. Daga baya aka yi masa kwaskwarima, ya koma aiki da sunan Sofitel, aka sake shimfiɗa farin ƙyalle a ɗakin sama. A Disambar 2024 hukumar UNESCO ta sanya fasahar sarrafa aceke cikin jerin al'adun gado na duniya.