Waƙar Sifaniyanci a Manyan Filayen Wasa na Amurka: Nazarin Taƙaddama kan Harshe da Zama Ɗan Ƙasa

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci ce-ce-ku-cen da ke tashi a Amurka a duk lokacin da aka bai wa mawaƙa 'yan asalin Latin Amurka dandali a manyan wasanni, daga shekarar 1968 zuwa 2026. Ta hanyar kwatanta aukuwa biyar, an gano cewa tushen taƙaddamar shi ne matsayin da filin wasa ya samu na wurin bikin ƙasa, inda harshen da aka rera waƙa da shi kan zama ma'aunin tantance wane ne cikakken ɗan ƙasa.

1.0 Gabatarwa

Sifaniyanci shi ne harshe na biyu mafi yawan masu magana a Amurka, domin mutane sama da miliyan 40 da shi suke magana a gidajensu, kuma 'yan asalin Latin Amurka sun kusa kashi ɗaya cikin biyar na al'ummar ƙasar. Duk da haka, jin harshen a wasan Super Bowl, wato wasan ƙarshe na gasar ƙwallon ƙafa irin ta Amurka da hukumar NFL ke shiryawa, yakan jawo suka mai zafi. Shagalin waƙa na hutun rabin lokacin wannan wasa, wanda bai cika wuce minti goma sha biyar ba, mutane fiye da miliyan 100 ne ke kallonsa, abin da ya sa ake ɗaukarsa a matsayin hoton da Amurka ke nuna wa duniya game da kanta.

2.0 Taken Ƙasa da Mafarin Taƙaddamar

A ranar 7 ga Oktoba, 1968, José Feliciano, makahon mawaƙi ɗan asalin Puerto Rico, ya rera taken Amurka a birnin Detroit kafin wasa na biyar na gasar ƙarshe ta ƙwallon besbol. Ko da yake da Ingilishi ya rera shi, jan muryar da ya yi da kiɗan jitar da ya haɗa da shi sun sa wasu 'yan kallo suka yi masa ihu, gidajen rediyo da dama kuma suka daina sanya waƙoƙinsa na wani lokaci. Wannan ya nuna cewa tun kafin harshe ya shigo cikin maganar, asalin mawaƙi da salonsa sun isa su tayar da ƙura.

Shekara 57 bayan haka, a watan Yuni na 2025, mawaƙiya Nezza ta rera taken da Sifaniyanci a filin ƙungiyar Dodgers da ke Los Angeles, a daidai lokacin da jami'an shige da fice ke kai samame a birnin, duk da cewa wata jami'ar ƙungiyar ta buƙaci ta yi shi da Ingilishi. Abin lura shi ne baitocin da ta rera fassarar Clotilde Arias ce, wadda ta yi a shekarar 1945 bisa buƙatar Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka a ƙarƙashin manufar kyautata maƙwabtaka da ƙasashen Latin. Ke nan abin da gwamnati ta nema da kanta a matsayin diflomasiyya, shi ne daga baya wasu suka ɗauka a matsayin raini ga ƙasa.

3.0 Dandalin Super Bowl

A 2014, tallar kamfanin Coca-Cola da aka nuna yayin wasan, wadda aka rera wata waƙar kishin ƙasa a cikinta da harsuna daban-daban har da Sifaniyanci, ta jawo kiraye-kirayen ƙaurace wa kayan kamfanin. A Fabrairun 2020 kuwa, Shakira da Jennifer Lopez ne suka jagoranci shagalin a Miami, inda aka nuna yara cikin wasu fitilu masu siffar keji, abin da masu kallo da yawa suka fassara da suka ga tsare 'ya'yan baƙin haure a kan iyaka. Hukumar sadarwa ta tarayya ta karɓi ƙorafi sama da 1,300, akasarinsu kan sutura da rawa.

Taƙaddamar ta kai ƙololuwa a Satumbar 2025, lokacin da aka sanar da cewa Bad Bunny, mawaƙi ɗan asalin Puerto Rico wanda kusan dukkan waƙoƙinsa da Sifaniyanci suke, shi ne zai jagoranci shagalin ranar 8 ga Fabrairu, 2026, a Santa Clara ta jihar California. Shugaba Donald Trump da Kakakin Majalisar Wakilai Mike Johnson sun soki zaɓin, ƙungiyar masu ra'ayin riƙau ta Turning Point USA kuma ta shirya shagalin kishiya, yayin da shugaban NFL Roger Goodell ya tsaya kai da fata a kan shawarar. Masu suka da yawa sun kira mawaƙin baƙo, alhali mutanen Puerto Rico, tsibirin da Amurka ta karɓe daga Sifaniya a 1898, 'yan ƙasar Amurka ne tun daga dokar Jones ta 1917.

4.0 Dalilan Taƙaddamar

Dalili na farko shi ne siyasar harshe, domin tsarin mulkin Amurka bai ambaci harshen hukuma ba, sai a ranar 1 ga Maris, 2025 ne Trump ya sanya hannu kan umarnin da ya ayyana Ingilishi a wannan matsayi, wanda hakan ya sa waƙa da wani harshe a babban dandali ta zama tamkar martani ga gwamnati. Na biyu shi ne batun shige da fice, musamman ganin cewa Bad Bunny ya bayyana cewa fargabar samamen jami'an shige da fice na ICE na daga cikin abin da ya hana shi sanya biranen Amurka a rangadinsa na duniya. Na uku shi ne kasuwa, wadda alƙiblarta ta saɓa wa ta masu suka: mawaƙin ne aka fi saurare a Spotify daga 2020 zuwa 2022, NFL kuma, wadda ta damƙa tsara shagalin ga kamfanin Roc Nation tun 2019, tana neman masu kallo a ƙasashen waje, har ta kai wasanninta Mexico City da Madrid.

Kwatanci da gasar cin kofin duniya ta FIFA yana ƙarfafa wannan fahimta. Waƙar Ricky Martin ta gasar 1998 a Faransa ta karɓu a duniya ba tare da hayaniya kan harshe ba, saboda babu ƙasar da ke ɗaukar wannan dandali a matsayin mallakinta ita kaɗai.

5.0 Kammalawa

Nazarin ya tabbatar da cewa zafin suka yakan ƙaru gwargwadon kusancin dandali da alamomin ƙasa, irin su take da tuta, da kuma zafin muhawarar shige da fice a lokacin. Masu suka suna da hujja idan suka ce wasu mawaƙan na cusa siyasa a shagalinsu, amma ba su da ita idan suka kira Sifaniyanci baƙon harshe a ƙasar da aka fara magana da shi tun kafin Ingilishi ya iso. Muddin yawan masu harshen da ƙarfin kasuwarsu suka ci gaba da ƙaruwa, hukumomin wasanni za su ci gaba da gayyatar mawaƙansa, taƙaddamar kuma za ta ci gaba da biyo baya.