Sunan da ya riga nama tafiya: tsiren Kano daga Kurmi zuwa Zawaciki

A ƙarshen watan Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya zo Zawaciki, a ƙaramar hukumar Kumbotso, ya buɗe tashar tsandauri ta Dala. Manufarta ita ce ɗan kasuwar Kano ya cika kwantena a gida, jami'an kwastam su duba su rufe, ta kama hanyar teku ba tare da mai kaya ya je ya yi makonni a Apapa ba. Mai riɗi yana da abin zubawa, mai zoɓorodo ma haka, haka nan masu fatar da aka jeme a kamfanonin Challawa da ke maƙwabtaka. Amma abin da baƙo ya fi tambaya idan ya sauka a Kano, wato nama, da wuya a gan shi a cikin waɗannan kwantenoni.

Duk wanda ya taɓa karɓar baƙo daga Legas ko Fatakwal ya san buƙatarsa ta farko bayan magariba: a kai shi inda ake tsire na ainihi. Ranar komawa kuma sai ya nemi kilishi na tsaraba. To, shin naman Kano ya kai yadda ake zuzuta shi? A bakin tukuba ya kai, har ya wuce. Da zarar an bar tukuba sai labari ya sha bamban, kuma dalilin yana cikin tarihi.

Tsohuwar shaida a rubuce ta fito daga Hugh Clapperton, ɗan Sikotland da ya iso Kano a 1824. Ya zaga kasuwar Kurmi, ya tsaya a wurin mahauta, ya ce wayonsu bai gaza na mahautan ƙasarsu ba: suna tsaga nama don kitse ya bayyana, suna hura masa iska ya yi kumari, wani lokaci ma su liƙa ɗan gashin tunkiya a cinyar akuya don wanda bai sani ba ya saya a matsayin naman rago. Kusa da mahautar ya ga wuta a fili, an kewaye ta da tsinkaye, kowane tsinke an jera masa tsoka da kitse bi da bi. Abin da zai ba mai karatu na yau mamaki shi ne mace ya gani tana sallamar masu ci, da faifai a kan gwiwarta, su kuma suna tsugune kewaye da ita. Ke nan shekara ɗari biyu da suka wuce tukubar Kano ta riga ta zauna da siffar da aka san ta da ita, tare da ɗan ha'incin da har yau ake yi wa wasu mahauta tsiya da shi.

Sinadarin da ya bambanta tsiren Hausa da sauran gasasshen naman duniya kuwa baƙo ne. Gyaɗa da barkono duka 'yan asalin nahiyar Amurka ne, ba su iso Afirka ba sai bayan da jiragen Turawan Fotugal suka fara ƙetare tekun Atlantika, wato bayan shekara ta 1500. Gasa nama a tsinke ya daɗe, amma tsire mai garin ƙuli-ƙuli da yaji ba zai girmi wannan lokaci ba. Citta da kanumfari da masoro da kimba sun riga su shiga tukunyar Bahaushe. Gyaɗa ce ta zo ta ɗaure su wuri guda.

A nan ne ya kamata a dakata, domin gwanintar mai tsire amsa ce ga wata matsala. Saniyar da ke isowa mayanka a ƙasar Hausa, Bunaji ce ko Rahaji ko Bokoloji, dabba ce da ta yi shekaru tana tafiya neman ciyawa da ruwa. Makiyayi ba ya sayar da ita sai buƙata ta taso ko ta fara tsufa. Namanta yana da ɗanɗano mai ƙarfi, amma tsoka ce mai tauri, kitsenta kaɗan ne, kuma a zafin Kano ba ta jure kwana. Mahauci ya warware wannan da wuƙa. Ya yanka naman siriri yadda haƙori ba zai sha wahala ba, ya lulluɓe shi da garin ƙuli-ƙuli ya yayyafa man gyaɗa don su maye gurbin kitsen da babu, ya kafa tsinken a gefen wuta, ba a kanta ba, zafi ya ratsa a hankali. Kilishi ya ɗauki dabarar ya kai ta ƙarshe: a feɗe tsoka ta zama kamar takarda, a shanya, a tsoma a kwaɓin tunkuza da kayan yaji, a sake shanyawa, sannan a nuna wa wuta. Abin da zai ruɓe kafin wayewar gari ya koma guzurin da zai yi watanni.

Wannan ne kuma ya sa mai cin sitek a manyan otal-otal na Arewa yakan tashi da ciwon muƙamuƙi. Yankan nama mai kauri irin na Turawa an gina shi ne a kan wata irin dabba daban. A Amurka ana ɗura wa maraƙi masara a turke, a yanka shi tun bai cika shekara biyu ba, sannan a ajiye naman a ɗakin sanyi mako biyu ko fiye har ya yi laushi. Idan aka ɗauki tsokar bijimin da aka yanka da asuba, bayan ya sha tafiya daga Maigatari, aka yi mata wannan yanka, ba laifin kuku ba ne idan ta gagari wuƙar tebur.

Abin takaici, masu wannan fasaha ba su taɓa samun darajar da ta dace da ita ba. A tsohon tsarin zamantakewar Hausawa fawa tana can ƙasa, duk da cewa Sarkin Fawa sarauta ce mai iko a kasuwa, kuma mahauta suna da kiɗansu na kalangu, da dambe, da hawan ƙaho. Ana son abin hannunsu, ana jan ƙafa wajen ba su aure. Sana'ar da ake gado amma ba a alfahari da ita a fili, da wuya attajiri ya zuba mata jari ko ɗan boko ya rubuta mata ƙa'ida.

Sunan ya bazu ne ta bin sawun shanu. Kudancin Nijeriya, saboda ƙudan tsando da cutar sammore, bai iya riƙe manyan garkuna ba, sai ya dogara da Arewa. Ana kora shanu da ƙafa makonni, a ƙetare Kwara ta Jebba, a bi ta Ilori, su isa a rame. Da jirgin ƙasa ya fara aiki tsakanin Kano da Legas a 1912, tafiyar fiye da kilomita 1,000 ta koma ta 'yan kwanaki. A Ibadan aka kafa unguwar Sabo a 1916, kuma masanin zamantakewa Abner Cohen, a littafinsa na 1969, ya bayyana yadda cinikin ke gudana a can: mai gida yana saukar da fatake, dillali yana haɗa su da mahautan Yarbawa, ana ba da shanu bashi, mai gida ne ke tsayawa idan aka ƙi biya. Babu banki, babu takarda, amana ce da sanin juna. A duk zangon da irin wannan ciniki ya kafu, mai tsire yana biye da tsinkensa.

Sai dai sunan ya sauya a hanya. A Kudu aka kira shi suya, kalmar da a Hausa ta fi dacewa da abin da aka soya a mai. A Kamaru soya ne, a Gana cicinga, a Sudan agashe, a Dakar kuwa akwai rumfunan da ake kira dibi hausa. Yau akwai gidajen abinci a Landan da Hustan da ke sayar da suya ga mutanen da ba su taɓa jin kalmar tsire ba. Ba wannan ne karo na farko ba. Jar fatar akuyar Sakkwato da Kano ta daɗe tana ƙetare Sahara, Turawa suna kiranta fatar Maroko domin daga can suke ganin ta fito. Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya lissafa jemammun fatu da takalma cikin manyan hajojin da birnin ke fitarwa zuwa Arewacin Afirka.

An yi yunƙurin mayar da naman ya zama masana'anta. A shekarun 1950, lokacin da Bompai ke tasowa a matsayin unguwar masana'antu ta farko a Kano, da kamfanonin matsar man gyaɗa da sauransu, an kafa Nigerian Canning Company a birnin don zuba nama a gwangwani. Tunanin yana da ma'ana: maimakon a ɗauki ƙaho da kofato da ƙashi zuwa gaɓar teku, a yanka a inda dabbar take, a aika da abin da ake ci kawai. Daga baya aka buɗe gonar kiwon shanu a Mokwa da kamfanin nama a Bauchi. Babu ɗayansu da ya sauya fasalin kasuwar. Mai gwangwani yana gasa da falken da zai biya fiye da shi, domin a Legas babu abin da ake zubarwa a jikin saniya: kai da ƙafa da kayan ciki da fata duk kuɗi ne. Uwargida kuma, a Fagge take ko a Mushin, ta fi yarda da naman da ta ga jininsa da safe. Ga gwangwanin Ajantina a kanti yana jira.

Da aka buɗe Sharada da Challawa daga shekarun 1970 zuwa gaba, fata ce ta samu kamfanoni, nama bai samu ba. Dalilin mai sauƙi ne. Fata tana iya jira. A zuba mata gishiri ko a shanya ta, ta yi makonni kafin ta ga injin jima. Nama yana buƙatar sanyi marar yankewa tun daga mayanka har tukunya, kuma wutar lantarki ita ce abin da masana'antun Kano suka fi kuka da rashinsa tun shekarun 1980. Shi ya sa majemun Challawa suke aika fatar akuya da ta tumaki zuwa Italiya da Sifaniya, alhali naman dabbobin nan bai wuce kasuwar unguwa ba. Ƙirgin saniya ma yakan kuɓuce wa majemi, domin masu ganda, wadda Yarbawa ke kira ponmo, sun fi shi saye da tsada. Mazauna bakin kogin Challawa kuwa sun san kuɗin da suka biya na wannan ci gaba, a launin ruwa da warinsa.

Don haka tsarin 1912 shi ne na yau, tirela kawai ta maye gurbin tarago. Ana loda shanu a Wudil da Dambatta da Potiskum, su yi kwanaki a tsaye, wasu su mutu a hanya, masu rai su zubar da nauyin da aka saya da kuɗi, ga shingayen karɓar haraji na halas da na haram. A 2016 an gwada komawa jirgin ƙasa, aka ɗauki shanu daga Gusau zuwa Legas da biki, abin bai ɗore ba. A watan Fabrairun 2021, bayan rikicin kasuwar Shasha a Ibadan, ƙungiyar dillalan abinci da shanu ta tsayar da kai kaya Kudu na kimanin mako guda. Nan take nama ya yi tsada a Legas. Mutane da yawa sun karanta wannan a matsayin ƙarfin Arewa. Ana iya karanta shi ta wata fuskar: bayan shekara ɗari, abin da Arewa ke sayarwa ɗanyen kaya ne mai numfashi, ribar yanka da sarrafawa tana can inda aka sauke shi.

Kilishi ne ya kamata ya tsallake wannan tarko, tunda ba ya buƙatar firji, kuma unguwar Agadasawa a cikin birni ta daɗe da yin suna a kansa. Amma Amurka da Tarayyar Turai ba sa karɓar nama daga ƙasar da cutar baki da kofato ba ta gushe ba, sai da sharuɗɗan da mayankanmu ba su cika ba: likitan dabbobi da ya duba kafin yanka da bayansa, ruwa mai tsabta, da takardar da za ta nuna daga wane garke dabbar ta fito. Matafiya da yawa sun ga an kwashe tsarabarsu a filin jirgi an jefa a kwandon shara. Maƙwabta a Nijar sun ɗauki wani mataki: a 2021 ƙungiyar kare haƙƙin fasaha ta OAPI ta yi wa kilishin Nijar rajista a matsayin haja mai alamar asali, tare da albasar Galmi. Rajistar ba ta buɗe musu ƙofar Turai ba, amma ta rubuta yadda ake yin sa, ta kuma ɗaura sunan a wuyan masu shi. Nijeriya ba ta cikin wannan ƙungiya, kuma kilishin Kano har yau a takardar siminti ko tsohuwar jarida yake yawan tafiya.

A 2024 gwamnatin tarayya ta kafa ma'aikatar bunƙasa kiwon dabbobi, kuma a ƙarshen shekarar kamfanin JBS na Brazil ya sa hannu kan yarjejeniyar zuba dala biliyan 2.5 a masana'antun nama a Nijeriya. Wanda ya san labarin gwangwanin shekarun 1950 zai so ya ji amsar tambayoyi biyu kafin ya yi murna: a ina za a samu wuta, kuma nawa za a biya makiyayi fiye da abin da falken Legas ke biya.

Kafin nan, a bakin titin Zawaciki, idan ma'aikatan Challawa suka tashi aiki, mai tsire ya riga ya hura wuta tun la'asar. Da safe ya je mayanka ya sayi daidai abin da ya san zai ƙare kafin sha biyun dare, domin ba shi da inda zai ajiye saura. Direbobin da ke jiran a sallami kwantenoninsu suna cikin manyan masu sayensa.