Dokar da ta mai da jarirai ɓarayi

Duk lokacin da na ga an rubuta "Bafulatani" a inda ya kamata a rubuta "ɗan bindiga", sai in tuna wata doka da Turawan Ingila suka kafa a Indiya a 1871. Dokar ta ba gwamnati ikon ayyana ƙabila guda sukutum a matsayin ta masu laifi. Ba sai an kama ka da kayan sata ba. An haife ka a cikinsu, shi ke nan, sunanka ya shiga rajistar 'yan sanda.

Da yawa daga cikin waɗanda abin ya faɗa wa makiyaya ne da fatake, irin su Banjara, masu safarar gishiri da hatsi a kan takarkarai. Jirgin ƙasa ya kashe musu kasuwa, dokokin gandun daji suka tsuke musu wurin kiwo. Sai hukuma ta dubi yawonsu ta ce alamar sata ce.

Ku duba yadda abin ke aiki, don mu ma'aikatan gwamnati mun san ƙarfin takarda. Wanda aka yi wa rajista dole ya riƙa kai kansa ana kiran suna, kuma ba ya barin gari sai da takardar izini. In aka gan shi a wani wuri babu ita, ya yi laifi ke nan, ko bai taɓa allurar kowa ba. To bafatake da aka hana tafiya, me zai ci? Wa zai ɗauke shi aiki? Aka yi sata a unguwa, ƙofarsa za a fara bugawa. Wasu yunwa ta tura su satar da gaske, jami'ai kuwa suka ɗaga alƙaluma suna cewa, kun gani ko? A 1897 har aka ba da damar raba yara da iyayensu a kai su gidajen horo.

Wannan ne abin da masanin zamantakewa ɗan Amurka, Howard Becker, ya yi bayani a 1963: laƙabin da jama'a suka manna wa mutum yana iya toshe masa hanyoyi har ya zama abin da ake kiransa.

Indiya ta soke dokar a 1952, shekara biyar bayan 'yancin kai, amma jihohi suka kawo dokokin "masu laifin da suka saba", 'yan sanda suka ci gaba da zuwa gidajen da suka sani. A 1998 Budhan Sabar, ɗan ɗaya daga cikin ƙabilun nan, ya mutu a tsare a Purulia bayan an kama shi da zargin sata.