Zaure, Dandali da Gidan Ƙwadago: Tarihin Wurin Taro a Maraɗi

A shekarar 1945 Gulbi ya yi ambaliya ya cinye tsohuwar Maraɗi, wadda Katsinawa suka zauna a fadama tun bayan da jihadi ya raba su da Birnin Katsina, sai hukumar Faransa ta tashi mutane ta hau da su tudu, ta yanka musu filaye da tituna miƙaƙƙu. Amma da yake jama'a ba ta barin asalinta ko da ta bar kufanta, sai suka hau da sunayen unguwanninsu, Bagalam da Ƴandaka da Maradawa da Limanci da Mokoyo da Ɗan Gulbi, suka hau kuma da al'adarsu ta taro, wadda ta rataya a kan abu biyu, zaure da dandali. Sabon Gari da Zariya daga baya suka zo, a lokacin da wannan al'ada ta fara sauya kama.

A wancan zamani ba a san biyan kuɗin wurin zama ba. Mahauta idan wata mas'ala ta taso musu, zauren Sarkin Pawa suke nufa, maƙera na Sarkin Maƙera. Sha'anin mata da na ƴan bori yana hannun Iya a Maraɗi, yana hannun Inna a Tsibirin Gobir. Samari kuwa dandali ne nasu, a nan Sarkin Samari yake shelar gayya, a nan ake kiɗa da wasa in farin wata ya fito. Tsari ne mai alheri, domin baƙo yakan sami tabarma da ruwa, kuma rigima takan mutu tun ba ta kai gaban alƙali ba. Sai dai wajibi ne a faɗi gaskiya, zaure yana da mai shi, kuma wanda ya tuɓe takalmi ya durƙusa ya ce ranka ya daɗe ba zai iya ɗaga kai ya ce wa mai zauren ya zalunce shi ba.

Da cinikin gyaɗa ya bunƙasa, sai aka sami wani irin mutum wanda tsohon tsari bai tanadar masa zaure ba, wato mai aikin albashi: lebura mai ɗaukar buhu a kantin Bature, da direba, da akawu, da malamin lakwal, waɗanda ba su da sarkin sana'a, alhali kuwa ubangidansu yana da doka da sanda. Irin waɗannan mutane ne a ƙasar Faransa suka matsa har hukumar birnin Paris ta buɗe musu gida a 1887, mai suna Bourse du Travail, wato gidan ƙwadago, inda marar aiki yake zuwa neman aiki, ake ajiye littattafai, ake koyar da sana'a da dare, ake kuma ba ma'aikaci matafiyi ɗan guzuri. Bilhasali gidan ya zama zauren wanda ba shi da zaure. Da aka soke aikin tilas a ƙasashen da Faransa take mulka a 1946, sannan ma'aikatan Afirka ta Yamma suka yi yajin aiki na gama-gari a watan Nuwamba na 1952 har majalisar Faransa ta zartar da dokar ƙwadago cikin Disamba, sai wannan suna na gidan ƙwadago, da ya ƙetaro teku, ya kafu a Dakar da Bamako da Yamai. A Nijar kuwa Jibo Bakari ta ƙofar sandika, wato ƙungiyar ma'aikata, ya tara mabiya kafin jam'iyyarsa ta Sawaba ta yi tashe.

Bayan samun mulkin kai a 1960 hukuma ta tattara ƴan sandika ƙarƙashin inuwa guda, wadda daga bisani aka san ta da USTN, ta kuma sa musu ido. Da Seini Kunce ya karɓi mulki a 1974 ya farfaɗo da samariya, unguwanni suka yi gayya suka gina gidajenta, aka yi wasan kwaikwayo da waƙe-waƙe a ciki; hakika an amfana, amma gida ne da hukuma take riƙe da mabuɗinsa, abin da ba ta so a faɗa ba a faɗarsa. Falalar gidan ƙwadago ba ta bayyana sosai ba sai bayan ranar 9 ga Fabrairu 1990, da aka harbe ɗalibai a gadar Kennedy, domin a gidan ƙwadago na Yamai ne ma'aikata da ɗalibai suka riƙa haɗuwa suna mushawara, har aka yi yajin aikin Nuwamba, shugaba Ali Saibu ya amince da jam'iyyu da yawa, aka buɗe babban taron ƙasa ranar 29 ga Yuli 1991. A Bamako ma, cikin Maris na wannan shekara, a gidan ƙwadago masu adawa da shugaba Musa Tarawore suka kafa sansaninsu.

To, daga nan ne batun hayar wurin taro ya shigo da ƙarfi, domin ƙofar da aka buɗe ta haifi jam'iyyu da ƙungiyoyi ba adadi, kowace tana bukatar inda za ta zauna, a daidai lokacin da albashi yake makara wata da watanni, aka kuma karya darajar sefa da rabi a Janairu na 1994, ita kanta sandikar ta rarrabu, kuɗin karo-karo na mambobi ya ragu. Ɗakin taro kuwa yana ci ko da kowa bai shiga ba, rufi yana yoyo, takardar wuta tana zuwa. Masu irin waɗannan ɗakuna, na ƙwadago da na matasa da na al'adu, suka ga maslaha a ba da su haya ga masu walima da lacca da taron bita. Ni ban ga aibu a wannan ba, kuma malamanmu na Malikiyya sun halatta ijara matuƙar an yanke wa'adi an ambaci lada.

Inda nake da damuwa shi ne wanda kuɗin haya yake korewa. A bi titunan Zariya ranar suna ko ɗaurin aure, a ga yadda ake datse hanya da rumfar tamfol, amalanke ya sauke kujerun roba, kowace an rubuta sunan mai ita da fenti a bayanta, sannan da magariba yaronsa ya zo yana ƙirgawa yana ɗorawa, wadda ƙafarta ta karye a biya. Wannan ya ishi mai biki, amma bai ishi masu shawara ba, domin ba a tattauna bashin taki ko rabon ruwa cikin ƙura da ƙarar babura. Manoman gandun ban-ruwa na Jiratawa suna da kofaratif, ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, waɗanda aka fara a jihar nan ta Maraɗi a 1991, suna zama mako-mako a tsakar gida da akwatin asusunsu, kuma ranar da za su haɗu da takwarorinsu na wasu garuruwa sai sun nemi ɗaki mai faɗi. Ɗakin da aka gina da gumin ma'aikata ko da gayyar unguwa ya fi kusa da hubusi a kan kadarar kasuwa, saboda haka ra'ayina shi ne wakilansa su karɓi cikakken lada daga mai walima da ƙungiyar da ta zo da kuɗin ƙetare, su keɓe ranaku sanannu ga masu amalanke da ƴan kabu-kabu da matan asusu a kan abin da bai wuce kuɗin wuta da shara ba, su kuma manna farashin a bakin ƙofa inda kowa zai karanta.