Naman Gishirin Ayilan: Girkin Kakanni Ko Na Gudun Hijira?

Duk ranar 17 ga Maris, idan Amurkawa 'yan asalin Ayilan suna bikin Waliyyi Patrick, abincin da ba a rasawa a gidajensu shi ne naman shanu da aka tsuma cikin gishiri, wanda suke kira corned beef. Sukan sa naman ƙirji a tukunya da albasa da karas da dankalin Turawa, wasu su tsiyaya baƙar giyarsu irin su Guinness, a bar shi yana dahuwa a hankali kusan wuni guda, kabeji kuwa sai daga ƙarshe. Tambayi kowannensu, zai ce maka girkin kakanninsa ne. To, mai karatu, a nan gizo ke saƙar, domin yawancin kakannin nan ba su san ɗanɗanonsa ba.

A Ayilan ta dā, saniya dukiya ce, ana ajiye ta saboda nono da man shanu, ba a cika yanka ta ba sai ta tsufa. Abin da ya juya lamarin shi ne dokokin da majalisar Ingila ta yi a 1663 da 1667, waɗanda suka toshe shigar da shanun Ayilan da rai zuwa Ingila, don kare kasuwar makiyayanta. Shanu suka yi kwantai, farashi ya faɗi. Da yake kuma harajin gishiri a Ayilan bai kai na Ingila ba ko kusa, sai 'yan kasuwa suka koma yankawa suna dannawa cikin ganguna da gishiri. Daga nan garin Cork ya zama cibiyar wannan sana'a, yana ciyar da sojojin ruwan Ingila da 'yan mulkin mallaka a tsibiran Karibiyan.

Wani ɓangaren da ba a son tunawa shi ne na bayi. Dokar bayi da Faransa ta kafa a 1685 ta ce a ba kowane bawa laba biyu na naman gishiri ko laba uku na kifi a mako, kuma Ayilan na cikin manyan masu kai naman. Wato mafi ƙasƙancin gangunan nan 'yan Afirka da ake bautarwa a gonakin rake ne suka ci su, in ma ubangidan ya ga damar bin dokar. Shi kuwa talakan Ayilan, wanda aka ƙwace filin kakanninsa aka mai da shi makiyaya, dankali da madara ne cimarsa, in ya samu sarari ya haɗa da naman alade.

Da cuta ta afka wa dankali a 1845, yunwar da ta biyo baya zuwa 1852 ta kashe mutum kusan miliyan ɗaya, fiye da miliyan kuma suka tsallaka teku. A unguwannin talakawa na New York suka tarar da maƙwabta Yahudawa, waɗanda mahautansu ke tsuma naman ƙirji cikin gishiri, da araha daidai aljihun lebura. Naman ƙirji jijiya gare shi, in ba a ba shi awoyi a kan wuta ba haƙori ba ya iya masa, kuma asalin jinkirin dafuwar ke nan. Sai suka sa shi a gurbin naman aladen da suka saba haɗawa da kabeji a gida.

Tukunyar lantarki mai dafawa a hankali, Crock-Pot, sai a 1971 ta shigo kasuwa, ta sauƙaƙa wa matan aure masu zuwa aiki. A can Ayilan kuwa, har gobe naman alade da kabeji ya fi wannan girki karɓuwa, in ka cire yankin Cork inda tsuma naman shanu bai mutu ba.