Bintu Sudan ko turaren fesawa: tarihin kwalabe biyu

 Duk gabanin Sallah, cikin shagon mai turare za ka ga saurayi riƙe da kwalabe biyu: ƙaramar Bintu Sudan irin ta iyayenmu, da babbar ta fesawa mai rubutun Faransanci. Kuɗin guda ɗaya ne a aljihunsa. To, kafin ya zaɓa, ga inda kowacce ta fito.

Da yawa na ɗauka Bintu Sudan daga Makka ko Khartum take zuwa. A'a, a Landan aka haɗa ta a 1920, a kamfanin W.J. Bush, bayan wakilinsu Eric Burgess ya zagaya Sudan ya ga irin ƙamshin da mutanen can ke so. Kun ga ta girmi Chanel N°5, wanda ya fito a 1921. Turaren mai ne, babu giya cikinsa, shi ya sa Musulmi suka karɓe shi hannu biyu, daga Bahar Maliya har ƙasar Hausa. Daga baya aka riƙa yin sa a Kano, 'yan kasuwarmu na shigo da shi ta Ɗan Isa da Magarya. Da shi ake zuwa Juma'a, da shi ake kai amarya.

Shi kuwa na fesawa, kakansa shi ne eau de Cologne, wanda Johann Maria Farina ya fara sayarwa a birnin Kolon na Jamus a 1709: man lemu cikin giya. Faransawa suka gina sana'ar a garin Grasse, har Dior ya fitar wa maza da Eau Sauvage a 1966, sannan Sauvage a 2015, wanda samari ke ta ambato yanzu.

To mi ya raba su a jiki? Giya saurin tashi gare ta. A zafin Afrilu, eau de toilette zai buɗe da ƙarfi, kafin La'asar ya yi sanyi. Na mai a hankali yake fita, yana kwana a riga, amma ɗigo ɗaya kan farar shadda na iya barin tabo. Batun salla da turare mai giya kuwa, malamai sun saɓa. Kowa ya tambayi malaminsa.

Sai kuma jabu, kuma kowanne ana yi masa. In aka ce maka ga Sauvage jika uku, ka san ba daga Faransa ya zo ba. Ka shafa a bayan hannu, ka zagaya kasuwa rabin awa, sannan ka sake shinshinawa.

In kuɗin na guda ne kuma masallaci da zaman biki ne gabanka, Bintu Sudan ta gaskiya ta fi Sauvage na jabu. Ku fa, wane turare mahaifinku ke shafawa ranar Juma'a?