Shuri da Kamun Kai: Nazari a Kan Wasan Tekwando da Tarbiyyar Yara Maza a Ajilari, Maiduguri

Tsakure

Maƙalar nan tana jayayya da ɓangarori biyu: masu cewa koya wa yaran da suka tashi cikin rikici wasan faɗa zai ƙara musu zafin kai, da masu tallar tekwando da ke cewa duk wanda ya ɗaura ɗamara ya gyaru. Abin da nazarin ya gano shi ne, tarbiyyar da ake jingina wa wasan tana samuwa ne a wuri guda, wato horar da yaro ya janye ƙafarsa alhali yana da ikon kai duka.

Gabatarwa

Ajilari ba ta buƙatar a gaya mata mene ne tashin hankali. A ranar 1 ga Maris 2014 tagwayen bama-bamai sun tashi a unguwar, suka hallaka mutane da dama, aka kuma sake kai hari yankin a Satumbar 2015. Yaran da ke wasa a lungunanta yau sun girma suna ganin yayyensu 'yan sa-kai na Kato da Gora, waɗanda suka fito a 2013, riƙe da sanda da adda a shingayen bincike. A idon yaro irin wannan, namiji shi ne wanda ake tsoro. Saboda haka idan uba a nan ya tambaya ko tekwando zai gyara ɗansa ko zai ɓata shi, tambaya ce mai nauyi, kuma ta cancanci amsar da ta wuce kirarin 'yan talla.

Waiwaye

Tarihin wasan gajere ne. An raɗa masa suna a Koriya ta Kudu a 1955, bayan mulkin mallakar Japan da yaƙin Koriya, aka buɗe cibiyar Kukkiwon a Seoul a 1972, ya zama cikakken wasan Olamfik a Sidni a 2000. Chika Chukwumerije ya ciwo wa Nijeriya tagulla a Beijin a 2008, Abdoul Razak Issoufou Alfaga na Nijar ya ci azurfa a Riyo a 2016.

Hujjar masu tsoron wasan ba ta banza ba ce, kuma da su ne babbar jayayyata. Endresen da Olweus (2005) sun bi diddigin yara maza 477 a ƙasar Norway, masu shekara 11 zuwa 13, har tsawon shekara biyu. Sun gano cewa waɗanda suka shiga wasannin ƙarfi, irin su damben zamani da kokawa da ɗaga ƙarfe da wasannin faɗa na Gabas, sun ƙara faɗa da rashin ji a wajen fili. Na yarda da sakamakon. Inda na rabu da masu kafa hujja da shi shi ne, binciken ya kalli sunan wasan da yaro ya shiga, bai shiga ɗakin atisaye ya ga abin da koci ke koyarwa ba. Su kansu marubutan sun ɗora wani kaso na laifin a kan ɗabi'ar nuna mazakuta da ke yawo a irin waɗannan wurare, wanda ke nufin matsalar tana iya zama ta zama da maɗaukin kanwa.

Trulson (1986) kuwa ya duba abin da koci ke koyarwa. Ya raba samari masu halin ɓata-gari gida uku a Amurka, aka horar da su wata shida. Rukunin farko ya koyi tekwando na gargajiya, da natsuwarsa da jerin motsinsa da nasihar malami. Na biyu ya koyi duka da kariya zalla. Na uku motsa jiki kawai ya yi. Na farko ya ragu a zafin kai da fargaba, na biyu kuwa ya ƙara lalacewa. Samarin ba su da yawa, amma darasin a fili yake: shuri iri ɗaya ya haifar da hali iri biyu. Lakes da Hoyt (2004) sun yi bincike a kan 'yan firamare 207, suka samu ƙarin kamun kai a wajen waɗanda suka koyi tekwando bayan wata uku, kuma canjin ya fi bayyana ga maza.

Hanyar Bincike

Na zauna ina lura da atisayen yara maza a wani filin rairayi a unguwar, bayan la'asar, daga ƙarshen damina zuwa tsakiyar hunturu. Na tattauna da kocinsu da wasu iyaye. Na sakaya sunayen kowa.

Sakamako

Amfanin jiki ba ya buƙatar dogon bayani. Mai shuri yana tsaye ne da ƙafa ɗaya, don haka kullum yana horar da daidaiton jiki da ƙarfin ƙugu da laushin gaɓoɓi. Turmi uku na minti bibbiyu, da hutun minti ɗaya a tsakani, aiki ne mai tsanani ga zuciya da huhu. Hukumar Lafiya ta Duniya tana so yaro ya samu minti 60 na motsa jiki a kullum, atisaye ɗaya kuwa yana cike wannan, ba tare da takalmi ko ƙwallo ba. Haɗarinsa shurin kai ne, kuma hular kariya ta yi ƙaranci a filin.

Babban abin da na gani yana cikin kalma ɗaya ta Koriyanci, kalyeo, wadda alƙali ke faɗa idan yana so abokan karawa su rabu. Duk ƙa'idojin wasan biyar da ake haddacewa, ladabi da riƙon gaskiya da juriya da kamun kai da rashin karaya, yaro na iya rera su kamar karatun aku. Wannan kalma kuwa ba ta karɓar hadda. Ƙafa tana sama, jini ya hau, abokin karawa ya buɗe haƙarƙari, sai a ce tsaya. A wannan ƙiftawar ido jiki ne zai amsa, kuma jikin da bai saba ba ba zai tsaya ba.

Wata rana wani yaro, wanda ya fi kowa iya shuri a filin, ya sakar wa abokinsa ƙafa a ciki bayan an ce a rabu. Koci bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Zo nan, ɗana. Kwance ɗamarar." Yaron ya kwance, idonsa ya kaɗa ya yi ja. Aka miƙa masa matashin da ake shura, aka ce ya durƙusa ya riƙe wa mafi ƙanƙanta a filin har a tashi. Ya kai kusan rabin sa'a yana karɓar shurin ɗan ƙaramin yaro da zai iya turewa da hannu ɗaya, hannuwansa suna rawa, ƙura tana shiga masa baki. Makonni bayan haka na ga an shure shi a muƙamuƙi, ƙafarsa ta tashi za ta rama, aka ce kalyeo, ta tsaya a iska ta sauko. Na ji daɗin wannan saukowar fiye da kowane shuri da na gani a filin.

Ina ganin nan ne binciken Trulson ya haɗu da abin da muka gada. A cikin siffofi goma da Kirk-Greene (1974) ya lissafa na mutumin kirki a wurin Bahaushe akwai haƙuri da hankali da ladabi, amma haƙurin wanda ba shi da ƙarfi ba a iya bambanta shi da tsoro, kuma yaran Ajilari sun san haka sarai. Shi ya sa nasihar baki ba ta cika ratsa su ba. Sun sha jin hadisin da ke bayyana jarumi da mai mallakar kansa lokacin fushi. Abin da filin ya ƙara musu shi ne damar gwada hakan sau da yawa a yini guda, a gaban tsararrakinsu, ta yadda janye ƙafa zai zama abin yabo. Ko dambenmu na gargajiya yana da wannan, domin idan ɗan dambe ya kai abokinsa ƙasa an ce ya yi kisa, wasa ya ƙare, ba ya binsa da naushi. Sai dai a dambe kalangu da kirari suna zuga mai duka ne, a filin nan kuwa koci yana ajiye yabonsa ga wanda ya tsaya.

Akwai batun sunkuyawar gaisuwa, wadda ta kusa raba wasu yara da filin. Wani dattijo ya zo ya ce, "Malam, ɗana ba ya yi wa kowa ruku'u sai Allah." Koci ya amsa, "Gaskiya ne, Baba," ya mayar da gaisuwar ta zama ɗora hannu a ƙirji. Ban ga abin da ya ragu a ladabin yaran ba, wanda ya ƙara nuna mini cewa kayan Koriya da ke jikin wasan riga ce kawai.

Iyakokin Nazarin

Mai suka zai ce fili ɗaya ne, koci ɗaya, babu ma'auni, babu rukunin kwatance, kuma uban da ke turo ɗansa atisaye dama can mai sa ido ne a kansa. Na karɓi wannan, ko da yake manyan binciken da ake kafa hujja da su ma ba su tsira daga matsalar ta ƙarshe ba. Abin da ya fi damuna shi ne babu mace ko ɗaya a filin, duk da cewa Elizabeth Anyanacho ce ta wakilci Nijeriya a wannan wasa a gasar Olamfik ta Tokiyo da ta Faris. 'Yan matan unguwar sukan tsaya a bakin katanga da tiren gyaɗa a ka, suna kallo har a kira magariba.